Tayar baya ta cinye a tsakiya: wacce zan saya, kuma in ƙara mata faɗi?

Tambayar da aka aiko ita ce: mutum yana da babur mai injin 300cc, da shi yake zuwa aiki kullum a kan kwalta, ranar hutu kuma yakan fita shan iska, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci da goyo, jefi-jefi hanya ta bi da shi ta kan burji. Tayar baya ta cinye a tsakiya har ta baje, gefenta kuwa kamar jiya aka sa ta. Ta gaba tana da sauran zane, sai dai ita ce ta zo da babur ɗin shekara shida da suka wuce. Kwanan nan in ya zo shan kwana sai babur ya ƙi kwanciya, in ya matsa masa kuma ya zube cikin kwanar farat ɗaya. Abokansa sun rabu biyu: wasu sun ce ya cire mai lamba 140 ya sa 160 irin ta masu tsere, wasu sun ce ya nemi mai manyan haƙora saboda burji. Yana so ya san wacce zai saya, da abin da ya kamata ya riƙa dubawa a jikin babur ɗin.

Malam, ka sayi taya biyu, gaba da baya, daidai lambar da kamfanin babur ɗin ya rubuta, irin wadda aka yi don tafiyar kwalta ta yau da kullum, sannan ka haɗa da gejin auna iska naka na kanka. Shawarar abokan nan duka biyu, ka yi musu godiya ka ajiye ta.

Mu fara da tsohuwar tayar, don ita ce shaidar irin tuƙin da kake yi, ba irin wanda kake sha'awar yi ba. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, ta babur kuwa da gangan aka yi mata doro, domin babur da kwanciya yake shan kwana. In kana tafiya a miƙe, tsakiyar doron ce kaɗai ke taɓa ƙasa, in ka kwanta sai gefe ya karɓi aikin. Wurin da ke taɓa kwalta a kowane lokaci bai wuce tafin hannu ba, kuma birkinka, da wutar da kake bayarwa, da nauyinka da na wanda ka goya, duk ta nan suke bi. Mai zuwa aiki kullum kusan duk tafiyarsa a miƙe take, a tashi a tsaya, a tashi a tsaya, tayar baya kuma ita ce mai tura babur. Shi ya sa tsakiyarta ke cinyewa, doron ya baje, a samu kusurwa hagu da dama a inda bajajjen wurin ya haɗu da gefen da bai ci ba. Gardamar da kake ji a kwana babur ne ke fama da hawa wannan kusurwar, da zarar ya haye ta kuma sai ya zube gefe. Kan babur ɗinka lafiya lau yake, hannunka ma bai canza ba. Taya irin wannan ta gama aiki ko da zanen gefenta sabo ne fil, kuma ranar da aka yi ruwa take nuna halinta, don kwarin da ke kore ruwa daga tsakiya ya riga ya shafe.

In ka leƙa cikin kwarin zanen za ka ga wasu 'yan tuddai a gicciye, kuma a gefen tayar akan buga TWI ko wata 'yar alama daidai inda suke. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da tuddan nan, magana ta ƙare. Dokar Birtaniya ta ce zurfin zane kada ya gaza milimita 1 ga babur da ya wuce 50cc, ta Jamus ta ce 1.6. Ni dai in taya ta sauko kusa da milimita 2 kuma lokacin ruwa ne, ba na jiran sai doka ta yi magana.

Yanzu batun faɗi, wanda shi ne ya fi ruɗin mutane. Babura masu wannan girman galibi suna zuwa da 110/70-17 a gaba da 140/70-17 a baya. A ta baya, 140 faɗinta ne a milimita. 70 ɗin tsayin gefenta ne, amma ba a milimita ba, kashi 70 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 98. 17 kuma girman rim ne a inci. Bayan waɗannan za ka ga lamba da harafi, misali 66H. Lambar 66 na nufin za ta ɗauki kilo 300 in an ba ta cikakkiyar iska, H kuma na nufin an yi ta don ta jure gudun kilomita 210 a awa. Ta gaba sau da yawa 54H ce, kilo 212. Harafin P 150 ne, S 180, V 240, W 270. Ana iya ɗaukar wadda ta fi ta asali a lamba ko harafi, amma ba a sauka ƙasa, ko da kuwa malejinka bai taɓa leƙa can ba, saboda harafin yana gaya maka yadda tayar ke jure zafi ne, zafi kuma ba gudu kaɗai ke kawo shi ba, har da lodi da rana da ƙarancin iska.

Abin da masu ba da shawarar 160 ba su duba ba shi ne rim. Kowace taya an ƙera ta ne don wani faɗin rim. Rim ɗin baya a irin babur ɗinka yawanci inci 4 ne, 160 kuwa tana son 4.5 ko sama. In aka tura ta a kan inci 4 za ta shiga, mai sa taya ba zai ce maka komai ba, amma bakinta biyu sun matse ciki, doron ya yi tsini, gefen ƙarshe ya lanƙwashe ya koma inda babu kwanciyar da za ta kai ka. Robar da ke taɓa ƙasa a tsakiya ba ta ƙaru ba, wani lokaci ma raguwa take yi. Ka biya kuɗin roba mai yawa, ka hau kaɗan. Ga nauyi, wanda injin 300cc zai ji a jikinsa wajen tashi da wajen shan mai. Ga kuma yiwuwar ta riƙa gogar sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe da wilin baya, musamman in ta yi zafi ta ɗan kumbura. Ko 150/60 da wasu ke sawa a matsayin tsaka-tsaki ba ta bar babur yadda yake ba: tsayin gefenta milimita 90 ne, bayan babur ya sauka da milimita 8 ke nan, kuma wannan ɗan abin ya isa ya sa kai ya yi nauyi a kwana. In babur ɗin yana da ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle wili, tana gwama juyawar wilin gaba da na baya ne bisa girman da ta sani, sauya girman yana iya rikita mata lissafi. Akwai baburan da kamfaninsu ya amince da girma na biyu, in naka yana ciki za ka gani a littafinsa. In ba a rubuta ba, injiniyoyin da suka zaɓi 140 ba rowar roba suka yi ba. Na yarda mai faɗi ta fi cika ido in an tsaya a bayan babur, iyakar amfaninta a nan ke nan.

Ita kuma tayar masu tsere, sirrinta laushin roba, kuma laushin nan sai ta yi zafi yake aiki. A filin tsere har bargon lantarki ake naɗa wa taya a ɗumama ta zuwa wajen digiri 80 kafin a hau. Irinta da ake sayarwa don titi ba ta kai haka buƙata ba, amma halin ɗaya ne: ta fi riƙo in ana ba ta wuya a kwana, ta fi saurin ƙarewa in ana tafiya a miƙe. Kai da tafiyarka ta cinye tsakiyar taya ta bar gefe, in ka sa wannan za ka dawo da irin wannan tambayar cikin ƙanƙanin lokaci. Abin da ya dace da kai shi ne tayar da aka yi don kwalta da tafiya mai nisa. Da yawa daga cikinsu roba iri biyu ce a jiki ɗaya, mai tauri a tsakiya don ta daɗe, mai laushi a gefe don kwana, kuma ana haɗa robar da sinadarin silika, wanda ke sa ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta ko da ba ta yi zafi ba. Michelin Pilot Street da Pirelli Angel City suna cikin waɗanda aka yi don ƙananan babura irin naka, Bridgestone da Dunlop da Metzeler ma kowa yana da tasa. Tsakanin manyan kamfanonin nan, a irin tuƙinka, bambancin bai kai wanda ƙarancin iska na psi 5 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) zai jawo maka ba, don haka kada zaɓin suna ya hana ka barci.

Mai manyan haƙora kuwa don taɓo da yashi mai zurfi aka yi ta, inda haƙori ke nutsewa ya kama. A kan kwalta babu inda zai nutse, sai ya riƙa lanƙwasa, ga gurnani, ga tsawon tafiya kafin birki ya tsayar da kai, ga saurin cinyewa. Kamfanoni sukan rubuta wa tayoyin da ke tsakani 90/10 ko 80/20 ko 50/50, wato rabon kwalta da daji. Ka yi wa kanka lissafi na gaskiya: a cikin kilomita ɗari da kake yi, nawa ne burji? In bai kai goma ba, ba a sadaukar da birkin ranakun aiki shida don hanyar rabin awa. Busasshen burji tayar kwalta tana binsa lafiya in an bi a hankali. Kuma haƙori ba ya mayar da babur mai wilin inci 17 na daji, baburan daji inci 19 ko 21 suke sawa a gaba, da shokozoba mai dogon zango.

Abu ɗaya da za ka kula da shi a lambar: in ka ga R kafin 17, kamar 140/70 R17, radiyal ce, in ɗan layi ne kawai, mai saƙar gicciye ce. Bambancin yana cikin yadda aka jera zaren da ke cikin robar. Radiyal, wadda Michelin ya fito da ita kasuwa don babura a 1987, ba ta ɗaukar zafi sosai kuma ta fi natsuwa a gudu. Mai saƙar gicciye gefenta ya fi tauri, tana jure lodi da hanya mai ramuka. Duka biyun suna aiki a babur mai wannan girman. Abin da ba a so shi ne a gauraya, wannan a gaba waccan a baya, sai in kamfanin babur ne ya tsara haka.

Sai tayar gaba, wadda na san za ka so ka bari tunda tana da zane. A gefenta ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi rubutun har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kana iya tarar da ta girmi babur ɗin ma. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, rana da zafi suna hanzarta abin. Ka danna farcenka a fuskarta, sabuwa za ta karɓa ta dawo, tsohuwa za ka ji ta ƙandare. Ka buɗe kwarin zanen da yatsa ka duba gindinsa, nan ƙananan tsagu ke fara fitowa kafin su bayyana a gefe. Sannan ka shafa tafinka a kanta daga gaba zuwa baya, in ka ji tudu da kwari kamar matakala, birki ne ya cinye ta ba daidai ba, kuma wannan ke sa kan babur rawa in ka sassauta riƙo. Michelin yana cewa taya in ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko yaya take. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. Tayar gaba mai shekara shida a babur da ke kwana yana wuni a waje, ni cirewa nake cewa a yi. Mafi yawan ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa, kuma in tayar baya ta zame sau da yawa ana iya ceto ta, ta gaba in ta zame kafin ka ankara kana ƙasa.

Ka saye su iri ɗaya, kamfani ɗaya, suna ɗaya, don an tsara doron ta gaba ne ya tafi tare da na ta baya. Ka karanta lambar DOT ta sabuwar tun kafin a sa. Wadda ta shekara ɗaya ko biyu a ajiye cikin inuwa ba ta da laifi, wadda aka jingine a rana tun ba a san yaushe ba ka bar musu abinsu. Ta hannu kuwa, wadda aka ciro daga wani babur, ba na ba da shawararta ko kaɗan: ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita a sace ba, kuma zaren da ya karye a ciki ba ya nunawa a waje.

Ranar sawa ka tsaya a wurin. Kowace taya tana da kibiya a gefe mai nuna inda za ta juya, kuma sa ta a juye kuskure ne da ke faruwa fiye da yadda ake zato. Kada ka yi mamaki in ka ga zanen ta gaba yana kallon saɓanin na ta baya, haka aka yi su, ɗaya birki take ɗauka, ɗaya turi. A sa sabon bawul. In akwai ɗigon fenti a gefen tayar, galibi wurin da ya fi sauƙin nauyi ne, ana daidaita shi da bawul, sannan a yi wa wilin balas. A shafa wa bakin taya ruwan sabulu ko man da aka yi don haka, ban da baƙin mai, don yana cin roba kuma yana sa taya ta zame a kan rim. Bayan an ba ta iska ka bi siririn layin da ke zagaye da gefenta kusa da rim, tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina, in ya nutse a wani wuri tayar ba ta zauna ba. In wilinka mai wayoyi ne da ke amfani da tif, sabuwar taya da sabon tif take tafiya, tsohon ya riga ya miƙe, zai naɗe a ciki. Kafin ka motsa daga wurin ka matsa birkin gaba ka taka na baya sau da yawa har su yi tauri, saboda wajen cire wili akan buɗe bakin birki, matsawar farko ba ta kama komai. Daga nan ka ba sabuwar taya kilomita 150 zuwa 200 kana lallaɓa ta, kana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan, har santsin fuskarta ya goge.

Iska ita ce inda nake so ka fi mayar da hankali, domin ba robar ce ke ɗauke da nauyin babur ba, iskar da ke cikinta ce. Adadin da ya dace yana kan sitika a jikin ƙarfen wilin baya ko murfin sarƙa, yana kuma cikin littafin babur. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba ita ake bi ba, kuma masu ba da iska da yawa ita suke karantawa. Babura irin naka sukan nemi psi 28 ko 29 a gaba, 32 zuwa 36 a baya, manya kuma sau da yawa 36 da 42, amma abin da ke kan naka sitikar shi ne hukunci. Ana aunawa ne taya tana da sanyi, da safe kafin a hau ko bayan ta huta awa biyu zuwa uku. In ka yi tafiya ka auna za ka ga ta hau da psi 3 ko 4, wannan daidai ne, an riga an sa shi a lissafi. Kada ka sace mata iska a lokacin, in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so. Yanayi ma yana taɓa ta, duk saukar digiri 5 ko 6 tana rage kusan psi 1. Taya lafiyayya ma tana zubar da psi 1 ko 2 a wata, mai tif ta fi haka. Saboda haka ka riƙa aunawa sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar fita.

Matsa taya da yatsa ko harbinta da ƙafa ba awo ba ne. Tana iya rasa psi 8 ido bai gani ba. Abin da ke faruwa a lokacin shi ne gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, zafi yana taruwa a ciki, robar tana cinyewa da sauri, kan babur ya yi nauyi, baya ya riƙa lilo a kwana, mai ya riƙa tafiya. In ka faɗa rami babu abin da zai tare, rim ya lotsa, in mai tif ce ya tsunkule tif ɗin ko bawul ya tsinke daga gindi. In kuma iskar ta yi yawa, wurin taɓa ƙasa ya ƙanƙance, babur ya riƙa tsalle, tsakiya ta cinye. Ina zargin ɗayan biyun nan yana da hannu a abin da ya sami tayarka ta baya, ko da yake tafiya a miƙe kaɗai ma tana iya yin haka. Gejin da kowa ke amfani da shi a wurin ba da iska yana shan faɗuwa da duka, shi ya sa na ce ka mallaki naka, ka riƙa aunawa da shi kaɗai. Murfin bawul ma ba ado ba ne, mai 'yar roba a ciki shi ne kariya ta biyu in bawul ya fara yoyo. Masu tallar iskar naitirojin kuwa, iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Ba ta cutarwa, amma ba ta ɗauke maka awon mako-mako.

In za ka yi goyo ko ka ɗaura kaya, duba littafin, wasu babura suna so a ƙara wa ta baya iska. Kuma a gindin shokozobar baya akwai wani zobe mai matakai da ake juyawa da sifana don ƙara wa sifirin tauri. Mutane da yawa har su sayar da babur ba su taɓa shi ba. In ka goya mutum ba ka ƙara ba, baya ya zauna, gaba ya yi sakayau, fitila ta haska sama, sai a ɗora wa taya laifin da ba nata ba.

Faci: in tubles ce, wato marar tif, ka ga ƙusa a jiki kuma iska ba ta fita da sauri, bar ta a wurin har ka isa inda za a gyara. Igiyar roba da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce. Gyaran da ake dogara da shi sai an cire tayar an duba cikinta, an sa faci mai wutsiya daga ciki. Wannan ma sai in hujin ƙarami ne kuma a tsakiyar fuska yake. Huji a gefe, ko yanka, ko ƙullutu da ya kumburo, ko tayar da aka yi tafiya da ita a sace, babu gyara. In ta gaba ce ta yi faci, ni na fi son a canza. Man ƙyalli da ake shafa wa tayar mota kada ya kusanci taka, gefen da ake shafa wa shi ne wanda kake hawa a kwana.

Sauran jikin babur ba shi da wuyar sha'ani. Sarƙa ita ce ta biyu bayan iska. Yawancin baburan titi suna son ta yi wasa milimita 20 zuwa 30 a tsakiya, amma ka juya wili ka nemo inda ta fi ɗaurewa, a nan ake aunawa, don sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina. Wadda ta ɗaure da yawa ta fi mai sako-sako ɓarna: in ka hau, shokozoba ta nutse, sarƙar ta ƙara ɗaurewa, ta riƙa jan boris ɗin giya. In an ja ta, alamomin da ke hagu da dama na wilin baya su zo daidai, in ba haka ba wilin ya karkace, ya ci sarƙa ya ci sabuwar tayarka. Wanki da kananzir da burushi mai laushi, ban da fetur, don yana lalata 'yan robobin da ke riƙe giris a cikin sarƙar. Mai kuma duk kilomita 500 zuwa 800 da bayan ruwa, a cikin sarƙar ba a bayanta ba. Kada ka taɓa yin wannan aikin injin yana kunne babur yana cikin giya, yatsu da yawa sun tafi ta haka. Ranar da haƙoran da sarƙa ke hawa suka yi tsini suka karkata, a canza su tare da sarƙar gaba ɗaya.

Baƙin mai, ka nemi mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin galan, da kaurin da littafi ya ce. A yawancin babura masu giya mai ɗaya ne ke yi wa injin da giya da kuloci aiki, man mota na zamani kuma yana da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci ya riƙa zamewa. Mai gajerun tafiye-tafiye kada ya jira maleji kaɗai, ko bai cika ba a juye aƙalla sau ɗaya a shekara. Man birki DOT 4 yana shan danshi daga iska, in ya sha kuma yana saurin tafasa a doguwar gangara, birki ya yi laushi, don haka duk shekara biyu a canza. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 in babur a kashe yake, 13.5 zuwa 14.5 in yana aiki. Tunda za a cire wili, ka sa a duba boris ɗinsa, a kuma ɗaga gaban babur a juya kai hagu da dama a hankali: in yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci, kuma alamarsa a hanya tana kama da ta mummunar taya.

Game da fitar ranar hutu, minti goma na farko taya ba ta ɗumama ba, kuma karkaɗa babur hagu da dama ba ya ɗumama ta, ba da wuta da taka birki a miƙe ne ke yi. In kun fita da yawa, kowa ya yi gudun da idonsa ke iya karanta hanya, a haɗu a mahaɗa ta gaba. Ɗan gefen taya da bai taɓa ƙasa ba, wanda wasu ke yi wa juna tsiya a kai, ba abin kunya ba ne a titin da ake haɗuwa da yashi da man dizal a bayan kwana. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba shi ya fi santsi, don yana taso da man da ya kwanta a kwalta, fentin titi da murfin ƙarfe kuma a haye su babur yana tsaye, ba a kwance ba, ba kuma a kan birki ba. In ka sauka burji ka rage gudu tun kana kan kwalta, ka sassauta riƙon kai ka bar shi ya ɗan yi wasa, idonka can gaba, wuta a hankali ba fizga, birkin baya ya fi na gaba aiki. Kada ka rage iska kamar yadda masu baburan daji ke yi, gefen tayarka gajere ne, dutse ɗaya zai lotsa rim. In ka dawo ka cire tsakuwar da ta maƙale a zane, ka wanke sarƙa, don ƙura da mai in suka haɗu cin ƙarfe suke yi.

Ranar da aka sa tayoyin ka rubuta kwanan wata da abin da maleji ya nuna. Bayan kilomita 3,000 ka auna zurfin zane a tsakiya da kuma a gefe. In tsakiyar ta baya ta yi nisa da cinyewa tun a lokacin alhali kana bin awon sitika, ka gwada gejinka da wani, sannan ka duba yadda kake tashi daga tsaye da yadda kake sauke giya, don fizgar wuta da sakin kuloci da ƙarfi a kan tayar baya suke ƙarewa.